Shagon da ya sa mini SSD a Katsina, da dalilin da ya sa ya bar wani sashe babu komai

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki ce, ɓangaren mata: kamu, sa lalle, wuni, walima, wani lokaci har buɗar kai. Gidajen da ba sa son namiji ya shiga tsakiyar matansu da kamara su ne suke kirana, kuma a Katsina irin waɗannan gidaje ba kaɗan ba ne. Ni nake ɗauka, ni nake tacewa, ni nake kai wa uwar amarya a filashi. Da kwamfutar nan nake ci da sha. 'Yan'uwana mata masu wannan sana'a sun sha tambayata inda na kai tawa har ta daina nauyin da take yi, shi ya sa na zauna na rubuta abin da na gani a shagon, mai daɗi da marar daɗi.

Shagon yana kan titin IBB, a saman bene, cikin jerin masu sayar da waya da caja. Ɗaki ɗaya ne mai ɗan faɗi. Akwai dogon tebur a jikin bango, inbata da batura a ƙarƙashinsa, fanka a sama, sai wani kwali a kusurwa cike da kibod ɗin kwamfutocin da suka mutu. Mai shagon kowa Injiniya yake ce masa, dattijo ne marar yawan magana, yana da yara biyu da suke koyon aiki a hannunsa.

Kwamfutata HP ce ta hannu. Da na saye ta akwai faifan SSD, wato ma'ajin fayiloli marar juyawa, mai giga 256 a ciki, irin waɗanda ko sunan kamfanin kirki babu a jikinsu. Da farko gudu take yi kamar me. Matsalar ita ce kamarata in tana ɗaukar 4K a megabit 100 cikin daƙiƙa, awa ɗaya kacal giga 45 ce. Ku lissafa wunin biki guda, daga shigowar ƙawayen amarya har a watse. Ga shi a watan Sha'aban kowa so yake ya aurar da 'yarsa kafin azumi, aiki kan aiki, ban gama tace na Juma'a ba na Asabar ya shigo. Layin nan da Windows take nunawa a ƙarƙashin faifai ya koma ja, ya zauna a ja. Windows tana mayar da shi ja ne in wurin da ya rage bai kai kashi 10 cikin 100 ba, nawa kuwa ya daɗe da wuce nan. Sai Premiere, manhajar da nake tace bidiyo da ita, ta fara tsayawa tana tunani kafin ta motsa. In na sa katin kamara zan kwashe, sai ya fara da sauri, can sai ya koma rarrafe, ina zaune ina kallon lokacin da ya rage yana ƙaruwa maimakon ya ragu. Wani ya ce mini bairos ne, wani ya ce a ƙara RAM, wani ya ce a yi mata fomatin kawai.

Abin da ya fara burge ni da Injiniya shi ne bai ɗauko kayan sayarwa ba sai da ya duba. Ya buɗe wata ƙaramar manhaja, CrystalDiskInfo, wadda take karanta rahoton da faifai yake ajiyewa game da lafiyar kansa. Ya juyo mini da fuskar kwamfutar ya nuna mini zafinsa, da yawan abin da aka taɓa rubutawa a kansa, da abin da ya rage na ƙarfinsa. Daga nan ya bi manyan folda ɗaya bayan ɗaya har ya kai wurin da Premiere take tara tarkacen da take ƙirƙira yayin tacewa, ya tarar da giga masu yawa na bukukuwan da tuni amaren suka tare. Ya ce, "Hajiya, wanga faifan bai mutu ba. Cika ya yi, kuma SSD in ya cika wahalar da kanshi yake yi."

Na ce ya yi mini bayani, don ni a sanina ma'aji ma'aji ne, in da sauran wuri a zuba, in babu a dakata. Sai ya kawo misalin allo, kuma har yanzu ban ji wanda ya fi shi ba. Ya ce ɗalibi in ya cika allonsa, yana son ya canza layi ɗaya a tsakiya, ba ya goge layin shi kaɗai, allon gaba ɗaya ake wankewa. To in akwai layukan da bai gama da su ba, dole ya fara kwafe su a wani allon kafin ya wanke wannan. In yana da alluna da dama a ajiye babu rubutu, abin da sauƙi: ya ci gaba da rubutu a sabo, ya bar tsofaffin har sai ya gama da kusan duk abin da ke kansu, sannan ya wanke su a lokacin hutu. In kuwa allo ɗaya tak ya rage masa, duk sabon layin da zai rubuta sai ya yi kwafi, ya yi wanki, ya jira, sannan ya rubuta. Kuma kowane wanki yana cin jikin allon.

Haka abin yake a cikin faifan. Ƙwayoyin ajiyarsa an jera su shafi-shafi, shafi ɗaya a yawancin na yanzu kilobait 16 ne, sannan an haɗa ɗaruruwan shafuka a dami guda. Rubutu shafi-shafi ake yi, amma gogewa sai dami sukutum, kuma ba a rubutu a kan shafin da ba a goge ba. Akwai 'yar ƙwaƙwalwa a cikin faifan da aikinta ke nan dare da rana: ta tattara shafukan da har yanzu ake buƙata daga damin da ya cakuɗe, ta mayar da su wani wuri, ta goge damin, ta ajiye shi don rubutu na gaba. In faifai yana da sarari, wannan aikin a ɓoye yake gudana, ba ki ma sani ba. In ya cika, sai ya zama ke kin aika giga ɗaya a rubuta, shi kuma a ciki ya rubuta ninkin haka saboda kwashe-kwashen da yake yi, kuma a daidai lokacin da kike jira yake yin sa. Nan saurin yake tafiya. Nan kuma rayuwar faifan take tafiya, domin kowace ƙwaya tana da iyakar gogewar da za ta iya ɗauka. Irin ƙwayoyin da suka fi yawa a kasuwa yanzu, masu riƙe bit uku-uku da ake kira TLC, ana ƙiyasta musu gogewa daga wajen 1,000 zuwa 3,000. Masu riƙe bit huɗu, QLC, ba su kai haka ba. Ƙwaƙwalwar tana ƙoƙarin raba gogewar daidai a kan dukkan ƙwayoyin don kada wasu su riga wasu mutuwa, amma shi ma wannan rabon sai da filin juyawa yake yiwuwa.

Su kansu kamfanonin sun san da haka, shi ya sa babu SSD da yake fitowa ba tare da an ɓoye masa wurin ko-ta-kwana ba. Injiniya ya ɗauki biro ya rubuta mini lissafin a bayan wani kwali. Giga ɗaya a jikin kwalin sayarwa bait 1,000,000,000 ce, amma ƙwayoyin da ke ciki ana ƙera su ne da lissafin 1,073,741,824. Bambancin ya ɗan haura kashi 7 cikin 100, kuma shi ne faifan yake riƙewa don aikinsa na ciki. Wasu kamfanonin suna ƙarawa a kan haka: in kin ga an rubuta 240 ko 480 ko 960 maimakon 256 ko 512 ko 1024, sau da yawa ƙwayoyin iri ɗaya ne, an dai ƙara ɓoye wani kaso. Waɗanda ake ƙerawa don manyan rumbunan bayanai, inda rubutu ba ya tsayawa, akwai masu ƙwayoyin giga 512 da ake sayarwa a matsayin 400, wato rarar ta kai wajen kashi 28. Wannan bambancin lissafin ne kuma yake sa in kin sa faifan tera ɗaya, wato giga 1,000, Windows ta nuna miki 931. Ba wanda ya sace miki komai, kowa da ma'auninsa ne.

Ya ce in ina so ya share tarkacen ya ba ni kwamfutata in tafi, za ta dawo hayyacinta, amma da irin aikina ba za a daɗe ba zan sake cika ta. Gaskiya ya faɗa. Na ce a sa babba.

Uku ya ajiye mini a kan tebur, duk masu tera ɗaya. Na farko marar suna ne, kuɗinsa ya yi ƙasa sosai da na sauran, ya kuma faɗa mini da bakinsa cewa irinsu ba ya sayarwa sai ya gwada su da H2testw, manhajar da take cika faifai da rubutu ta sake karantawa don ta gano ko girman da aka rubuta a jikinsa na gaskiya ne, saboda jabu sun yi yawa a kayan da ake shigowa da su. Na biyu Crucial MX500, na uku Samsung 870 EVO. Duka biyun garantin shekara 5 kamfanoninsu suka rubuta, duka biyun suna da 'yar ma'ajiyar DRAM tasu ta kansu da take taimaka wa ƙwaƙwalwar faifan ta riƙe taswirar inda komai yake. Inda suka bambanta shi ne yawan rubutun da kamfani ya ɗauki alkawari: MX500 tera 360, 870 EVO tera 600. Na ɗauki Samsung ɗin saboda wannan. In aka raba tera 600 a kan shekara 5, kusan giga 329 ke nan kowace rana ta Allah, ba hutu. Ko a Sha'aban ba na rubuta haka kullum. A gabana ya yanke ledar kwalin, bayan ya sa shi kuma ya buɗe Samsung Magician, manhajar kamfanin, ta tabbatar da cewa na asali ne. Wannan ɗabi'ar ta buɗe kaya a gaban mai shi ta kwantar mini da hankali ƙwarai.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna tun kafin in bar gida, wadda kuma nake so duk mai irin sana'ata ta riƙe. Abin da ke cikin kwamfutata ba nawa ba ne. Matan mutane ne da 'ya'yansu, babu mayafi, suna rawa a tsakar gidansu, sun saki jiki ne saboda an ce musu mace ce take ɗauka. Amana ce. In hoto ɗaya ya fita ya shiga wayar wani yaro, daga nan ya hau TikTok, aure yana iya mutuwa a kansa, ni kuma sana'ata ta ƙare a garin nan. Na faɗa wa Injiniya cewa ba zan bar kwamfutar in tafi ba, kuma ba na son kowa ya buɗe folda ko ɗaya ta bidiyo. Bai ɓata rai ba, bai ce ina zarginsa ba. Ya sa aka kawo mini kujera kusa da shi, ya ce wa yaransa wannan aikin shi zai yi da hannunsa. Maimakon ya kwafe tsohon faifan gaba ɗaya, sai ya ba da shawarar a sa sabuwar Windows a sabon, ni kuma in kwashe ayyukana da kaina in na koma gida. Tsohon faifan ya sa shi a 'yar leda ya miƙo mini a hannu. Wasu shagunan sukan ce a bar musu tsohon a rage miki kuɗi. Kada ki yarda, ko nawa za a rage.

Sai muka zo kan abin da ya sa na ɗaga murya. Bayan ya gama sa Windows, ya shiga Magician, wurin da aka tanada don keɓe rarar wuri, ya zaɓi kashi 10 cikin 100, wanda shi ne abin da manhajar take ba da shawara. Ina kallo 931 ta koma 838. Giga 93 sun fita daga lissafi, ba a ganinsu a cikin folda, ba a iya ajiye komai a kansu. Na ce, "Haba Injiniya, da kuɗina na sayi wurin nan. Awa biyu ta bidiyo ke nan ka ɗauke mini."

Amsar da ya ba ni ita ce ta sa nake tura mutane wurinsa. Bai ce mini dole ba ne, bai kuma ce wani sirri ne da shi kaɗai ya sani ba. Ya ce, "Ranki ya daɗe, in kin tabbata kullum za ki riƙa barin kashi 15 ko 20 babu komai, to ba sai na yanke ba, faifan zai yi amfani da wurin da kika bari, kusan duk ɗaya ne. Amma na ga yadda kika zo da wancan. Ranar da aiki ya taso miki ba za ki tuna da wani kashi ba, sai kin cika shi maƙil. Wanga da na yanke, ko kin so ba ki iya taɓa shi." Ya ƙara da cewa wurin yana nan bai ɓace ba, duk ranar da na ga dama a mayar mini da shi cikin 'yan mintoci, ba tare da an goge komai ba.

Na yi shiru ina tunani, na ga ya karanci sana'ar daidai. Duk mai tace bidiyo ta san daren da uwar amarya take bugo waya tana cewa gobe baƙi za su koma Daura ko Funtuwa, a kawo musu nasu kafin su tafi. A irin wannan daren babu mai duba layi ja ne ko shuɗi. Katin da ke hannu ake zubawa. Kuma a daidai wannan daren ne ake buƙatar faifan ya yi gudu. Na ce ya bar shi yadda ya yi.

Wannan magana tasa cewa wurin da aka bari babu komai yana aiki kamar wanda aka yanke, tana da sharaɗi, kuma ya nuna mini shi. In kin goge fayil, Windows ce ta san kin goge, faifan bai sani ba sai an faɗa masa. Umarnin da ake faɗa masa da shi sunansa TRIM, ya shigo Windows tun daga Windows 7 a 2009. In yana aiki, faifan yana sanin shafukan da aka gama da su, ba ya wahalar kwashe su daga dami zuwa dami. In ba ya aiki, faifan yana ɗaukar duk abin da aka taɓa rubutawa a matsayin mai amfani, ko da ke kina ganin rabin wurin a buɗe yake. Ya buɗe baƙin allon umarni ya rubuta fsutil behavior query DisableDeleteNotify, amsa ta fito 0, ya ce ma'anarta yana aiki. Ya kuma gargaɗe ni da abin da ke biye da hakan: a tsohon faifai mai juyawa, in aka goge abu bisa kuskure sau da yawa ana iya tono shi, amma a SSD mai TRIM, da zarar kin zubar da kwandon shara, da wuya ƙwarai a dawo da shi. Ya ce kuma kada in bari wani ya sa mini manhajar difrag irin ta da, mai sake jera fayiloli a faifai mai juyawa, SSD ba ya buƙatarta, rubutun banza kawai take ƙara masa. Windows da kanta tana gane SSD, tana yi masa abin da ya dace mako-mako. A ƙarshe ya shiga saitin Premiere ya sa ta riƙa share tsofaffin tarkacenta da kanta.

Na yi kakar biki cikakkiya da shi, har da ɗaukar hawan Sallah a Ƙofar Soro da wata ƙawata ta roƙe ni in yi wa 'yan'uwanta da ke waje. Abin da zan iya shaida shi ne saurin bai canza ba tsakanin ranar da faifan yake sabo da ranar da na cika shi har layin ya yi ja. Ba gudu na ban mamaki ba ne, faifan SATA ne, wato mai tsohon salon mahaɗi, iyakarsa megabait 560 a karatu da 530 a rubutu cikin daƙiƙa, masu sabon salon da ake kira NVMe sun ninka shi sau da yawa. Yanzu ma abin karanta katina ne yake jan ƙafa, ba faifan ba. Amma wancan faɗuwar da nake tsoro, a fara da gudu a ƙare da rarrafe, ban sake ganinta ba, kuma Premiere ta daina tsayawa in ina jan bidiyo gaba da baya. Ba zan ce duk daga giga 93 ɗin nan ba ne, don faifan kansa ya fi tsohon inganci nesa ba kusa ba, ga girma. Abin da na sani shi ne na cika shi, bai durƙushe ba.

Akwai wani dalili kuma da ya sa duk da haka nake ƙoƙarin kada in kai shi bango. Wannan faifan yana da wurin saukar gaggawa da Samsung take kira TurboWrite, inda yake karɓar rubutu da sauri kafin ya shirya shi a natse. A mai tera ɗaya giga 42 ne, amma 6 ne kawai tabbatattu, sauran 36 ɗin aro yake yi daga wurin da ba a cika ba. In babu sarari babu aro. Shi ya sa da na gama aiki na miƙa, nake kwashe ɗanyen bidiyon in fitar da shi.

Inda nake kai shi kuwa ba SSD ba ne, kuma wannan ma shawarar Injiniya ce. Keɓe wuri yana ƙara wa faifai sauri da tsawon kwana, amma ba ya hana shi mutuwar farat ɗaya, kuma SSD in zai mutu ba ya yin ƙarar gargaɗi irin ta mai juyawa. Ga ɗauke wuta. Laftof tana da batir, da sauƙi, amma mai kwamfutar tebur da ba ta da UPS, in wuta ta tafi faifan yana tsakiyar rubutu, abin da ke hanya yana iya lalacewa. Ga zafi. Ƙa'idar JEDEC da kamfanoni suke bi ta ce faifan da ya cinye adadin rubutunsa ya iya riƙe abin da ke cikinsa shekara 1 ba tare da wuta ba a zafin digiri 30, kuma in zafi ya ƙaru lokacin raguwa yake yi. Mu kuwa a Afrilu da Mayu muna haura 40. Sabon faifai ya fi haka juriya sosai, amma ni ba zan jefa bikin mutane a durowa in manta da shi shekaru a kan SSD ba, alhali akwai matan da suke dawowa neman bidiyon aurensu bayan sun yi 'ya'ya. Faifai masu juyawa guda biyu nake da su, kowane biki yana kan duka biyun, ɗaya a wurin aiki ɗaya a gida.

To ga abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma na faɗa masa wasu a fuskarsa.

Mafi girma shi ne yaransa. Ina zaune ana aikina, na hango ɗaya daga cikinsu a ƙarshen tebur da laftof ɗin wani da aka kawo gyaran kibod, ya buɗe foldar hotuna yana wucewa ɗaya bayan ɗaya, ɗayan yana leƙe ta kafaɗarsa. Gyaran kibod me ya haɗa shi da hotuna? Na taɓa Injiniya na nuna masa. Ya tashi ya rufe laftof ɗin, ya yi wa yaron faɗa sosai, har ya ce in ya sake zai koma gidansu. Na yarda faɗan na gaske ne, amma da ban gani ba fa? Shi mutum ne mai amana, sai dai idonsa yana kan abin da yake kwancewa, ba ya ganin bayansa. Duk ingancin aikinsa, ba zan ce wa kowace mace ta ajiye kwamfutarta a shagon nan ta tafi kasuwa ba.

Na biyu rasit. Takarda ya yago ya rubuta kuɗi da kwanan wata, babu lambar faifan, babu bayanin abin da zai faru in ya lalace. Sai da na nema ya juya kwalin ya kwafe lambar. Garantin shekara 5 da ke jikin kwali na kamfani ne, mu kuma a nan hannun da muka saya shi muka sani, don haka abin da mai shago ya ɗauka a kansa ya kamata ya kasance a rubuce. Shi da baki ya ce in ya ba da matsala in dawo. Na yarda da shi, amma yarda daban takarda daban. Farashi ma ba a rubuce yake ba, sai ya duba waya ya ga yadda dala ta kwana, ya kira abokin cinikinsa a Kano, sannan ya faɗa. Kuɗin aikin hannunsa dai bai tsawwala ba ko kaɗan.

Sai ƙura. Lokacin hunturu na koma sayen abin karanta kati, na ga kwamfutoci a buɗe a kan tebur, cikinsu a waje, taga a buɗe, ba ko ƙyalle a kansu. Matakalar benen kuma ƙunci gare ta, samari cike, mace sai ta yi ta sallama kafin a ba ta hanya.

Ba kowa ne yake buƙatar a yanke masa wuri ba, kuma na ji Injiniya da kansa yana hana wani. Ɗalibi ne daga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya ji ana yi mini ya ce shi ma a yi masa, faifansa giga 128 ne, rubutun kammala karatu kawai yake yi. Injiniya ya ce masa abin da yake rubutawa a wata bai kai abin da Hajiya take zubawa a wuni ba, kashi 7 na kamfani ya ishe shi, ya dai rage finafinan da ya tara kada layin ya yi ja. Wanda abin yake yi wa amfani shi ne mai zuba manyan fayiloli yana gogewa kullum: masu tace bidiyo, masu situdiyon hoto da na sauti, masu shagon tura finafinai a waya. In kuma SSD na waje ne da ake haɗawa ta USB, buƙatar ta fi ƙarfi, domin ba kowane gidan faifai ne yake barin TRIM ya wuce ba. Irin wannan a yanke wurin tun faifan yana sabo, kafin a rubuta komai a kansa, saboda wurin da aka riga aka cika aka goge ba tare da faifan ya sani ba, ko an yanke shi daga baya ba lallai ya ɗauke shi a matsayin rara ba.

In za ki je, ki je da safe kafin masu gyaran waya su cika benen, kuma ban da Juma'a, don ba ya zama sosai sai bayan an sauko daga masallaci. Ki kwashe ayyukanki a wani faifan tun daga gida, ki tafi da cajarki, ki ce Injiniya da kansa kike so, ki zauna har a gama. Kafin ki biya ki sa a rubuta lambar faifan a rasit.